Hankaki a Filin Coci

Ranar Lahadi ce a ƙarshen watan Maris. Iska tana kaɗowa daga teku da wani siririn yayyafi, irin wanda ko da rigar ruwa a jikinka sai ya nemo wuyanka. Ni da Gwaggo Hiske muka hau kekuna zuwa coci, ita a gaba kamar babu wata iska, ni a baya ina ƙunƙuni. Ban daɗe da komawa gonarta ba a lokacin. Na yi wankin kwale-kwale a garin Sneek, nan yankinmu na Friesland, na yi dako a ɗakin ajiyar cuku, na yi fenti, babu aikin da na cika shekara a cikinsa. Da mahaifina Harmen ya gaji sai ya tura ni wajen yayarsa in taya ta da shanu.

An gina cocinmu don ɗaruruwan mutane, amma mu da muke zuwa ba mu cika benci shida ba, kuma yawancinmu masu furfura ne. Fasto Renate ta zo mana daga Utrecht da kaka, mace mai saurin tafiya da saurin magana. Wa'azinta na ranar a kan batun ƙasa ne. Ta ce Allah amana ya ba ɗan Adam, ba ganima ba. Ta ce akwai fadamar nan ta bayan jingar da ke tare ruwa, mallakar coci ce, kuma tsofaffi sun gaya mata cewa da can tsuntsayen nan zakarun ƙeƙuwa rufe samanta suke yi, yanzu kuwa sai ka tsaya ka nema. Ta tambaya, cocin da bai amfani tsuntsun da ke bayan katangarsa ba, me zai gaya wa mutanen ƙauye da suka daina zuwa?

Kowa ya san inda maganar ta nufa. Tun zamanin kakana gidanmu ne ke hayar fadamar nan, kuma daga cikinta Gwaggo take samun yankan farko na watan Mayu, ciyawar da ke kawo madara duk hunturu. Tsuntsayen kuwa a ƙasa suke ƙwai, cikin ciyawar, sai injin yanka ya bi ta kansu. Abin da Fasto take so shi ne a bar filin ba yanka har tsakiyar Yuni, sai 'ya'yan sun tashi. Ciyawar Yuni kusan kara ce, saniya tana ci ne don kawai babu wata.

Bayan sujada, wajen shan gahawa, Fasto ta tambayi Gwaggo a gaban mutane ko ta yarda. Gwaggo ta shanye abin da ke hannunta, ta ajiye, ta ce to.

A hanya na ce mata ta jawo wa kanta wahala. Ta ce, “Kai da ba ka yi hunturu ɗaya a nan ba, kai ne za ka koya mini ciyawa? Taka kekenka.” Sai da muka isa gida tana cire takalma ta ce shekara ashirin tana hawa kan sheƙa da inji tana yin kamar ba ta ji ba, ta gaji da hakan. Idan za ta rasa ciyawar shekara ɗaya tsuntsayen su ƙyanƙyashe, ta yarda.

Ko ba a yanka ba, dole tarakta ta shiga filin a watan Afrilu don zuba taki, saboda haka sai an yi wa kowace sheƙa alama. Yadda ake yi kowane yaro a Friesland ya sani: ɗan siririn tsinken gora, gajere, a soke shi nesa kaɗan da sheƙar, yadda direba zai gani amma tsuntsu ba zai iya zama a kai ba. Dalili kuwa hankaka. Ba shi wurin zama a tsakiyar fili, zai zauna ya zuba ido har uwar ta tashi daga kan ƙwai, ya sauka ya shanye su.

Fasto ta kawo shawarar kowane gida ya ɗauki sheƙa ɗaya yana yi mata addu'a. Nan take Baba Lolke ya ɗaga hannu daga bencin baya ya ce shi zai yi alamun. Baba Lolke kafinta ne, ya haura tamanin. Matarsa Tryntsje ta rasu kafin Kirsimeti, kuma tun daga ranar jana'iza ya rufe kansa a gida, maƙwabta suna ajiye masa miya a bakin ƙofa suna dawowa su tarar da ita yadda suka bar ta. Wannan ne zuwansa coci na farko tun rasuwar. Da ya yi magana sai kowa ya yi murna, har matar Gerben, shugaban dattawan coci, ta share ido.

Baba Lolke ya kawo alamun wata Asabar a bayan tsohuwar motarsa. Muna tsaye a farfajiyar coci ya yaye tamfol. Ba tsinken gora ba ne. Turaku ne na katako mai kauri, tsayinsu ya kai ƙirjina, an goge su sumul an yi musu farin fenti, kowanne da katako a gicciye daga sama. A jikin kowanne ya ƙona suna da ƙarfe mai zafi. Bai tambayi kowa ba. Maƙabarta ya zaga ya ɗauko wa kowane gida sunan mamacinsa. Na farko Tryntsje. Na uku Pier, mijin Gwaggo.

Gerben manomi ne, ya san hankaka kamar yadda ya san tafin hannunsa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar, ya ce, “Aiki ya yi kyau, Lolke.”

Gwaggo ta sa yatsa tana bin haruffan sunan Kawu Pier. Na matsa kusa da kunnenta na ce, “Gwaggo, hankaka fa.” Ta taka mini ƙafa da takalmin aikinta, ba ta ko waiwaya ba.

Fasto ita kaɗai ce ba ta sani ba, don a birni ta girma. Ta riƙe hannun Baba Lolke da hannu biyu tana godiya. Washegari bayan sujada aka jingina turakun a gaban mumbari, aka yi addu'a a kansu, aka rera waƙa. Manoma takwas ne a cikin ɗakin, da wasu tsofaffi da suka yi ƙuruciyarsu suna neman ƙwai a fadama. Kowa ya buɗe baki ya yi waƙa da ƙarfi.

Ni na kafa su, tunda ni ne mai ƙarfin guduma. Sheƙa goma sha bakwai muka samu a filin, kowace da ƙwai huɗu masu dabbare-dabbare, an jera su tsini na kallon tsini. Baba Lolke yana riƙe turke ina bugawa, iyayen suna shawagi a kanmu suna kuka. Na yi ƙoƙarin matsar da su nesa da sheƙa, amma duk inda na nuna sai in ga ya ɗan matso da shi, ni kuma in buga a nan. Da muka gama muka hau jinga muka duba. Gaskiya abin ya yi kyau, fararen gicciye a cikin koren fili, ruwa na ƙyalli a lambatu.

Jaridar yankinmu ta buga hoton. Ranar Ista coci ya kusa cika rabi. Mutanen da ban taɓa gani a ciki ba sai wajen jana'iza suka zo da 'ya'yansu, aka fita bayan sujada aka jeru a kan jinga ana karɓa-karɓa da madubin hangen nesa, kowa yana neman sunan nasa. Baba Lolke ya yi aski, ya sa kwat. Fasto ta ce wa Gwaggo abin da ta zo yi ke nan, coci ya fita waje. Gwaggo ta ce eh, ta juya tana gyara sarƙar kekenta da babu abin da ya same ta.

Tun kafin Ista na ga hankaka na farko. Na fito daga tatsa da safe sai ga shi zaune a kan sunan Kawu Pier, baƙi wuluk, yana karkata kai. Bayan 'yan kwanaki sun zama biyar, daga nan na daina ƙirgawa. Suna zaune shiru ɗaya a kan kowane gicciye kamar an raba musu. Zakarun ƙeƙuwa suna tasowa suna kai musu sura, kuma tashin nan shi ne abin da hankakin suke jira. Da na shiga da tarakta zuba taki na riƙa ganin ɓawon ƙwai a bakin lambatu, kowanne da huda a gefe, an shanye cikin.

Gwaggo ta daina kallon wajen ta taga. Ta mayar da kujerarta ɗaya gefen teburin, ta ba fadamar baya. Wata rana muna cin dankali ta ce in je in gaya wa Gerben. Na ce ai Gerben yana wucewa ta jinga kullum, idanunsa lafiya lau. Ta ce in je dai.

Gerben ya ce magana ce ta Fasto. Na tarar da Fasto tana wanke tagar gidanta, na gaya mata a tsaye. Ta sauko daga kan kujera da tsumma a hannu.

“Tun yaushe kuka sani?”

Na ce tun ranar da aka yaye tamfol.

“Dukanku?”

Na ce eh. Ta dube ni har na rasa inda zan sa idona. Ta ce a tuge su yau ɗin nan. Amma da ta kira Gerben sai ya ce ba haka ake yi ba a nan. An keɓe su da addu'a a gaban jama'a, sunayen matattun mutane ne a jiki, sai majalisar dattawa ta zauna. Kuma kafin a taɓa ko ɗaya dole wani ya je ya gaya wa Lolke. Fasto ta ce ita za ta je. Gerben ya ce a'a, baƙuwa ce, abin zai fi yi masa ciwo daga bakinta, a bar wa waɗanda suka san shi tun suna yara. Ta yarda, kuma daga baya ta gaya mini wannan yardar ce ta fi damunta.

Kafin majalisa ta zauna sheƙa goma sha bakwai ɗin sun ƙare tas. Amma tsuntsun nan idan ya rasa ƙwai yakan sake yin wasu, kuma tara daga cikinsu suka sake, a filin dai, kusa da turakun. Saboda haka akwai sauran abin ceto.

Gwaggo tana cikin majalisar, ita ta ba ni labari. Ta ce wani ya kawo shawarar a buga ƙusoshi a saman katakon don kada tsuntsu ya zauna, sai wata ta ce ƙusa a jikin gicciye, ana gama Ista? Aka bar maganar. Wani ya ce a harbe hankakin, Fasto ta tambaya ko su ba halittar Allah ba ne, kuma wa ya kafa musu kujerun? Feike mai kaɗa molon coci, wanda ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce a yi hankali da su, su ne kaɗai sababbin membobin da ke zuwa har ranar Litinin. Wasu suka yi dariya suka haɗiye ta. A ƙarshe aka yanke a ɗaura wa turakun tsummokaran leda masu kaɗawa, Gerben kuma ya je wajen Lolke.

Na ɗaura ledar. Kwana biyu hankakin suka yi suna tsoronta, a na uku suna wasa da ita.

Gerben ya je gidan Baba Lolke, ya sha gahawa, ya ci kek, suka yi hirar ruwan sama da kuɗin madara, ya dawo. Ya ce mutumin yana cikin farin ciki, shi kuwa ya kasa buɗe baki ya gaya masa. Gwaggo ta sa rigarta ta zuwa coci ta tafi da kanta. Ta dawo da kwalbar jam da ya ba ta, dafaffen 'ya'yan itace da sukari, cikin waɗanda Tryntsje ta dafa kafin ta kwanta ciwo. Ta ajiye ta a kan tebur ta zauna tana kallonta.

Sheƙa tara suka zama shida, shida suka zama huɗu. Ciyawa kuwa ta kai lokacin yanka, maƙwabta duk suna ta kai da kawowa da injuna, ƙamshin sabon yanka ya cika ƙauyen, tamu tana tsaye tana tsufa. Ranar da na tarar saura biyu na jefar da abin da ke hannuna na hau keke, ko wanke hannu ban yi ba.

Na sami Baba Lolke a ɗakin aikinsa, rana na shigowa ta taga, ƙurar katako na yawo a cikinta. Ya ce, “Ɗan Harmen, kai ma gahawa ka zo sha? Wannan makon na yi farin jini.” Ya fara neman buta. Na san idan na zauna ya zuba mini, ni ma da jam zan koma. Zama dai bai taɓa yi mini sauƙi ba. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa gaba ɗaya, cewa hankaki suna zama a kan turakunsa, sun cinye ƙwai, saura sheƙa biyu, kuma kowa ya sani tun ranar farko.

Ya ajiye butar a hankali. Ya jawo kujera ya zauna, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

“Ina neman ƙwai a fadamar nan tun ba a haifi ubanka ba,” in ji shi. “Kana tsammani ban san hankaka ba?”

Ya ce lokacin da yake sassaƙa su bai yi tunanin tsuntsu ba ko sau ɗaya, sunaye kawai yake gani, hannunsa yana aiki, ya samu barci a karon farko tun hunturu. Sai ranar da muka kafa su muka hau jinga ya duba, sannan ya gane abin da ya yi. Amma an riga an yi addu'a a kansu, Hiske ta shafa sunan Pier, matar Gerben ta yi kuka a kan na ɗanta. Ta yaya shi zai ce a tuge sunayen matattun mutane? Kullum da yamma yana zuwa jinga yana ganin baƙaƙen nan a zaune, yana jiran wani ya zo ya gaya masa.

“Gerben ya zo, na ce yau za a faɗa. Ya cinye mini kek ya tafi. Gwaggonka ta zo, ta yaba labulen taga.” Ya girgiza kai. “Da Tryntsje tana nan, tun a bakin ƙofar nan za ta ce, Lolke, tsohon wawa, kujerun hankaka kake yi? Ku kuwa kuka yi ta lallaɓa ni kamar ƙwai.”

Ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce in turo baro.

Da rana tsaka muka shiga filin, ciyawa har gwiwa. Ni ina girgiza turke ina tugewa, shi yana karɓa yana share ƙasar da ke gindin da hannun rigarsa kafin ya kwantar a baro. Na Tryntsje shi ya tuge da kansa, ya ɗauki lokaci, ban taya shi ba don bai nema ba. Mutanen da ke wucewa ta jinga suka riƙa tsayawa da kekunansu. Babu wanda ya ce majalisa ba ta ba da izini ba. Can sai ga Gerben ya tsallako lambatu da takalmansa na fita, ya kama turke na gaba. Gwaggo ta zo ta ɗauki na Kawu Pier a kafaɗa ta wuce gida da shi.

Lahadin da ta biyo baya Fasto ba ta yi dogon wa'azi ba. Ta faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ba ta kama sunan kowa ba sai nata. Kowa ya sunkuyar da kai yana tsotsar alawar minti. Wajen gahawa aka yi ta hirar ruwan sama. Baba Lolke ya zo, ya zauna a bencinsa na baya, ya tafi kafin a kawo kek. Turakun suna jingine a ɗakin bayan coci har yanzu, fuskarsu na kallon bango, an kasa yanke abin da za a yi da su.

Sheƙa biyun nan sun ƙyanƙyashe. Gerben ya gaya wa Gwaggo cewa majalisa ba za ta riƙe ta da alkawari ba, ta zagaye su ta yanka abinta tun ciyawar tana da sauran amfani. Ta ce ta riga ta ce to a gaban mutane, kuma 'yan tsakin suna yawo ko'ina cikin filin, ba a san inda za a zagaye ba. Ta jira har tsakiyar Yuni. Zuwa lokacin ruwa ya kwantar da rabin ciyawar ta fara ruɓa daga ƙasa, sauran ta yi kara. Ni na yanka, a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Da kaka ta auna abin da ke rumbu ta ga ba zai kai shanun ƙarshen hunturu ba, ta kira mai babbar mota ta sayar da biyar daga cikinsu. Ba ta fito ba ranar da aka loda su, ni na riƙe ƙofa.

Sheƙa ashirin da huɗu suka tafi, ƙwai casa'in da shida. Cikin 'yan tsaki takwas da suka fito, biyar ba mu sake ganinsu ba. Yankan farko na fadama gaba ɗaya ya tafi. Shanu biyar.